A Juya Gwangwani a Karanta Bayansa

Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, ma'ajiyarmu, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Da aka ce in yi magana yau, na ce wa Hajiya ni fa ba likita ba ce, wake da gyaɗa da waken suya nake aunawa a kasuwa. Ta ce ai shi ya sa. To ga ni. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, malama ta duba mini. In kun ji na yi tuntuɓe a wata kalma ku yi haƙuri, ba da harshen uwata aka raɗa mata suna ba.

Kun ga gwangwanin nan da na ɗora a tebur? Da yawanku kun san irinsa. Garin nan ne da ake damawa da ruwa a sha a madadin abinci, ana cewa ba shi da sitaci sosai, yana rage ƙiba, yana sauke suga. Ana kawo shi har gida, ana tallarsa a waya, wata ma a gidan biki aka nuna mata. Wannan na Yayata ne, kuma da izininta zan ba ku labarin.

Yaya tana da ciwon suga, tana shan ƙwayarta kullum. Da kwasar adashinta ta zo bara, wata ta kawo mata gwangwani biyu, ta ce ta bar karin kumallo da tuwon dare, ta riƙa shan wannan. Yaya ta bi, kuma ba ta daina shan ƙwayar asibiti ba. Ranar ta huɗu da hantsi 'yarta ta kira ni tana kuka. Na tarar da Yaya zaune a ƙofar ɗaki, zufa ta jiƙa ta sharkaf, hannu yana rawa, ina yi mata magana tana ba ni amsar da ba ta hau ba. Muka sa ta a adaidaita sai asibiti. Da aka gwada, aka ce suganta ya faɗi ƙasa ƙwarai. Likitar ta yi mana bayani a sauƙaƙe: ƙwayar da Yaya take sha aikinta ta sauke suga, an kuma auna ta ne daidai da abincin da ta saba ci. An janye tuwo, an janye koko, ƙwaya kuwa tana nan tana aikinta, sai ta sauke abin da babu. Ta ce da a cikin barci abin ya same ta, da labarin ya iya zama wani.

Da muka dawo gida na ɗauki gwangwanin ina jujjuya shi. A gaba hoton mace ce siririya tana murmushi. A baya ƙananan rubutu cunkus. Shekara uku da suka wuce da sai dai in ajiye. Amma yanzu ina haɗa baƙi, sai na kai shi aji. Ni da malama da 'yata mai makarantar koyon aikin jinya muka zauna muka bi shi layi-layi. Abin da na koya shi ne na kawo muku.

Na farko, akwai jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ce a jera su bisa nauyi: abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, wanda ya fi ƙanƙanta ya zo ƙarshe. Kamar a ce ki lissafa kayan kunu, ki fara da gero, ki ƙare da kanumfari. Don haka sunaye uku na farko su ne gaskiyar abin da kika saya.

A na Yaya, na farko shi ne furotin, wato abinci mai gina jiki. Daga ina suke samo shi? Masu yin awara kun san idan an zuba ruwan tsami, madarar suya takan dunƙule, ruwa ya ware gefe. To haka madarar shanu take yi idan ana cuku. Wancan ruwan da ya ware shi masana'antu suke tacewa su busar ya zama gari, shi ne furotin ɗin da ya fi yawa a irin waɗannan gwangwanaye. Wasu kuma daga waken suya suke cire nasu, wasu daga wani koren wake. Da na ji haka sai na yi dariya, na ce ashe ɗan gidanmu ne ya je waje ya dawo da kwat.

Bayan furotin sai mai. Tunda an rage sitaci, dole a samo ƙarfi daga wani wuri, sai su sa garin man kwakwa ko na wasu tsirrai. Sannan akwai abin da ke sa shi kauri ya zauna a ciki. A nan ne na ga abin mamaki. Malama ta nuna mini wata kalma da lamba E414 a gefenta, ta ce kin san wannan? Ƙaro ne. Ƙaron nan da ake sa wa tawada, wanda ake tsinka a jikin dakwara a Jigawa da Yobe da Borno da Chadi, Sudan kuma ta fi kowa fitar da shi. A saye shi a wajenmu a buhu, a mayar mana da shi a gwangwani.

Sai zaƙi. Kun san abin nan yana da daɗin sha, alhali an ce ba sukari. Akwai abubuwan da ake sa wa a madadinsa: sukuralos, da sitibiya wadda daga ganye ake samunta, da wasu da sunansu yake ƙarewa da "tol", kamar maltitol da sobitol. Waɗannan masu "tol" in suka yi yawa suna kumbura ciki, su sa tusa da gudawa. Wata ta ce mini mai sayarwa ta gaya mata wai datti ne yake fita. Ba datti ba ne, 'yar'uwa, hanjinki ne bai iya shanye su duka ba. Kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da irin su sukuralos da sitibiya don rage ƙiba, ko da yake shawarar ba ta haɗa da masu ciwon suga ba.

Akwai suna ɗaya da nake so ku riƙe: maltodekistirin. Daga sitacin masara ko rogo ko makamantansu ake yin sa. Ba shi da zaƙi sosai a baki, amma yana ɗaga suga a jini da sauri ba kaɗan ba. In kika gan shi cikin sunaye uku na farko a gwangwanin da aka ce miki ba sitaci, to ki ajiye musu kayansu. A can ƙarshen jerin kuma sai sinadaran bitamin da ƙarfe da kalshiyam, 'yan kaɗan-kaɗan, da ƙamshin cakulan ko ayaba.

Na biyu, akwai wani akwati mai lambobi. Mu 'yan kasuwa lissafi ba ya ba mu tsoro. Giram 1 na furotin yana ba da kalori 4, na sitaci ko sukari shi ma 4, na mai kuwa 9. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, kamar yadda muke da kwano da mudu. Yawancin irin wannan gari sha ɗaya bai wuce kalori 200 da 'yan kai ba, alhali babbar mace mai kai da kawo tana bukatar wajen 2000 a yini. Ku lissafa da kanku. Wadda ta tashi da asuba, ta yi wanki, ta ɗora girki, ta tsaya a rumfa har la'asar, a ce kofi biyu da abinci ɗaya za su riƙe ta? Shi ya sa take ramewa. Ba wani asiri a ciki, abincinta ne ya ragu. Ranar da gwangwani ya ƙare ta koma yadda take ci a da, jikin yakan dawo.

A akwatin nan ki nemi layin sukari. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4. In kika ga giram 12, cokali 3 ke nan a kofi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce wajen cokali 12 a yini ga babba, in ma an tsaya a 6 ya fi. Sannan ki duba sau nawa za a sha gwangwanin. Na Yaya sau 14 ne. Sau biyu a rana, kwana 7 ya ƙare. Wata guda gwangwani 4. Da na buga kuɗin da farashin rumfata, na ga abin da zai ciyar da gida ne da wake da gyaɗa da ƙwai, har a yi canji. Adashin da Yaya ta yi watanni tana zubi, a mako biyu aka shanye shi.

Kada a ce na zo ɓata wa wata sana'a. Ban ce guba ba ne. Mai kyau a cikinsu yana da furotin da bitamin a aune, yana kuma da ranarsa. 'Yata ta gaya mini a Birtaniya an yi wani bincike da aka fitar a 2017, inda masu ciwon suga da ƙiba suka yi watanni suna shan irin wannan abinci kaɗai, bayan shekara guda kusan rabinsu sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Amma ku ji yadda aka yi: ma'aikatan lafiya ne suka tsayar musu da ƙwayoyinsu tun ranar farko, suna auna su a kai a kai, sannan suka koya musu komawa abinci sannu a hankali. Wannan daban, a miƙo miki gwangwani ta kan katanga daban.

Saboda haka ga roƙona. Mai shan maganin suga ko yin allurar insulin, kada ta canza abincinta sai ta gaya wa likitanta. Mai ciwon ƙoda ma haka, don yawan furotin nauyi ne a kanta. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage abinci ba ne. Yara kuwa kada a ba su a madadin tuwo. In kuma kika ga mai ciwon suga tana zufa, tana rawar jiki, tana ruɗewa, in tana iya haɗiya ki dama mata sukari cokali 3 ko 4 a ruwa ta sha nan take, sannan a kai ta asibiti. In ta suma kada ki ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita kawai. Ni ranar ban san wannan ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin ki biya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba murfin ko an taɓa buɗewa. Wanda aka ƙulla a leda ba suna ba rubutu, wannan cinikin biri a sama ne. In an haɗa miki da wani shayin rage tumbi, ki tambaya ko da filasko a ciki, don da yawansu shi ne, kun kuwa san aikin filasko: ruwan jikinki zai zubar, kitse yana nan inda yake.

To me Yaya take ci yanzu? Likita ta daidaita mata magani, ta ce ta rage malmala, ta ƙara miya da ganye. Da safe takan ci ƙwai 2, kowanne yana da furotin wajen giram 6, da kwaɗon zogale da ƙuli. Wani lokaci ina dama mata kindirmo da madarar waken suya da aka dafa ta dahu sosai, da ɗan markaɗen gyaɗa da garin ƙwallon kuka, ba sukari. Busasshen waken suya sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, gyaɗa kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, kuma a tuna tana da mai, ba a cika hannu. Kada kuma mu yaudari kanmu: fura da kunu da koko sitaci ne, zuma da dabino sukari ne, ko da na Allah ne. Mai ciwon suga da awo za ta taɓa su.

Iyayena da 'yan'uwana, mu ne ba ma karɓar buhu sai mun soka bututu mun ga ƙwayar da ke ciki. Mu ne muke ƙin kwanon da aka bubbuge gindinsa. To abin da za mu zuba a cikinmu ya fi cancantar wannan bincike. Na roƙi malama, ta kuma yarda: ranar Asabar mai zuwa duk mai irin wannan gwangwani a gida ta zo da shi aji mu karanta tare. Wadda ba ta fara karatu ba ma ta zo, akwai benci. Ni ma da sunana na fara.

Yaya tana can baya a zaune, ga ta nan tana harara ta. Yaya, ki yafe mini na tona miki asiri, ke kika ce in faɗa don kada wata ta faɗa ramin.

Allah Ya ƙara mana lafiya da haɗin kai, Ya sa albarka a kasuwancinmu.