LAUNIN MAƁALLIN WAYA: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON ƘUNGIYA

Shugaban taro, iyayenmu malamai, alhazai, da sauran 'yan uwa 'yan ƙasar Katagum mazauna wannan gari, barkanmu da haɗuwa.

An ce mu tashi mu yi bayani a kan 'yar manhajar nan ta rubuta bashi da 'ya'yanmu suka haɗa mana, musamman gyaran da aka yi wa launinta. Mu dai ba 'yan boko ba ne, iyakarmu Islamiyya da kasuwa. Amma mun zauna kusa da yaron da ya yi gyaran har ya gama, saboda haka abin da muka gani da ido za mu faɗa.

Kowa a nan ya tuna abin da ya faru bayan Babban Bankin Nijeriya ya canza launin takardun 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022. A farkon 2023 kuɗi suka ɓace a hannun jama'a. Mai sayen hatsi a Azare, da mai ɗora shanu daga Gamawa, da mai ridi a Giyade, dole kowa ya koma ciniki da waya. Tun daga lokacin lissafinmu da wakilanmu na gida ya koma cikinta, littafin bashi ma haka.

To, ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da ya karanta kwamfuta a jami'ar Gadau shi ya haɗa mana manhajar, Allah Ya yi masa albarka. Sai dai akwai maɓallai biyu a jere, ɗaya an rubuta masa "An Biya", ɗaya "Goge", dukkansu kuma launi ɗaya, shunayya. Ranan nan muna tsaye a bakin mota da tsakar rana, ba tabarau a ido, muka danna na biyu a maimakon na farko. Lissafin buhu 40 na gero ya tafi. Sai da muka yi kwana uku muna waya da Azare kafin mu daidaita da wakilinmu, kuma wallahi saura kaɗan zumuncin shekara ashirin ya taɓu.

Da muka kai kuka, sai yaron ya ce, "Baba, ai ba ni na zaɓi shunayyar ba." Ashe kayan aikin Android ne suka zo da ita tun asali, shi kuwa bai taɓa ta ba. Muka ce to a canza. Ya buɗe kwamfuta muna kallo.

Abin da muka fahimta shi ne, waya ba ta san "kore" ko "ja" da suna ba, sai da awo, tamkar mai rini a marinar Ƙofar Mata. Launi uku take haɗawa: ja, kore da shuɗi. Kowanne ana zuba shi daga 0 zuwa 255, wanda a rubutunsu shi ne daga 00 zuwa FF. Sai a jera ukun bayan wata 'yar alama. Alal misali #FFFFFF fari ne tas, don an cika duka ukun. #000000 baƙi ne, don ba a zuba komai ba. #008000 kuwa kore ne mai ɗan duhu, wato rabin mudu na kore ba ja ba shuɗi. Idan aka lissafa duk haɗin da zai yiwu, launi 16,777,216 ke nan. Mu da muka sayar da yadi shekara da shekaru, ba mu san sunan talatin ba.

Ya rubuta koren, ya kunna, sai ga maɓalli yana nan da shunayyarsa! Muka ce yaro, ko wayar ta fi ƙarfinka ne? Ya yi dariya. Ashe irin wannan maɓallin yana da fenti a kan asalin jikinsa. Shi ya rubuta launin a layin da ake kira background, alhali wurin da ake so shi ne backgroundTint. Kamar ka rina 'yar ciki ne ka bar babbar riga a kanta. Da ya gyara wannan layi guda ɗaya, nan take ya zama kore. Kazalika ya nuna mana cewa ba a bin maɓallai ɗai-ɗai. Akwai wani shafi, colors.xml, da ake ajiye launukan da sunayensu, in an canza a can ko'ina ya canza.

Da farko wani kore mai walƙiya ya so sa mana, irin na samari. Muka ce a'a, mu fita waje tukuna. A cikin rana farin rubutun da ke kansa ya ɓace ɗungum. Nan ya yarda, har ya ce dama akwai ƙa'idar masana ta 2008 da ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1. Mai walƙiyar bai kai ko 2 ba, mai duhun ya haura 5. Kun ga idon tsoho da littafin Bature sun yi ittifaƙi. Kuma kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne: a 2009 an ba da labarin kamfanin Google ya gwada shuɗi iri 41 kafin ya tsayar da ɗaya.

Wani alhaji a cikinmu ya kawo magana mai kyau, ya ce shi ja da kore duk kusan ɗaya yake ganinsu. Wannan lalura ce sananniya, a Turai an ƙiyasta tana samun namiji 1 cikin 12. Saboda haka ba mu dogara da launi kaɗai ba. "An Biya" ya zama kore, babba, a ƙasa inda babban yatsa yake kaiwa. "Goge" ya zama ja, ƙarami, can sama, kuma in an danna sai ya sake tambaya, "Ka tabbata?"

Roƙonmu ga iyaye shi ne, wanda sabuwar ta shiga wayarsa ya gwada ta a cikin rana, ba a ɗaki ba, ya kuma miƙa wa wakilinsa na Azare ko Shira shi ma ya gwada. Duk abin da bai fito sosai ba a gaya wa sakatare kafin taron wata mai zuwa, don yaron zai koma gida bayan nan.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu.