Bayan "Lafiya Lau"

 Yau maganarmu a kan kunne take.

Mutanen Japan suna da kalmomi biyu. Fuskar da mutum yake nuna wa jama'a suna ce mata tatemaye, abin da ke can cikin zuciyarsa kuwa honne. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa kada ya ɗora wa kowa nauyinsa. Ladabi ne mai kyau, amma ya bar mutane da yawa ba su da wurin sauke kaya. A shekara ta 1971 aka buɗe layin tarho a Tokiyo mai suna Inochi no Denwa, wato tarhon rai. Wata 'yar mishan daga Jamus tana cikin waɗanda suka kafa shi. Babban aikin masu ɗaukar tarhon shi ne su saurara. A 2021 har gwamnatinsu ta ɗora wa minista guda aikin kula da kaɗaici.

Kada mu ce wannan ciwon mutanen nesa ne. Mu ma muna da kunya da kara, muna kuwa yabon mai zurfin ciki, mu ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ku tuna da daminar 2020, sa'ad da gulbin Rima ya cika ya shafe shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Manoma da yawa da bashi suka yi noman, gama tun 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen shinkafa a Birnin Kebbi. To, ka gamu da irin wannan manomi a kasuwa. Ina kwana? Lafiya lau. Ina gajiya? Ba gajiya. Yaya ruwa? Ruwa ya yi gyara. Ruwan da ya cinye gonarsa ke nan! Ba ƙarya ya yi ba, amsar da aka koya mana ce. Ba zai faɗa wa matarsa ba, kada a ce ya kasa riƙe gida. Ba zai faɗa wa mahaifinsa ba, don kunya. Sai ya kwana ido biyu yana lissafin buhuna.

In kuwa ya daure ya buɗe baki, kafin ya kai rabi mun tare shi da "sai haƙuri." Haƙuri abu ne mai daraja, amma sau da yawa mukan faɗe shi domin mu rufe zancen mu tashi. Haka ake yi wa amarya da ta zo gida da kuka: a ce aure ɗan haƙuri ne, a mai da ita ɗakinta, ba wanda ya ji abin da ya kawo ta.

Abokan Ayuba su uku sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka fara wa'azi ne suka ƙara masa ciwo.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an gama gaisuwa kada ka yi saurin miƙewa. Ka sāke tambaya, ka yi shiru, ka jira. Abin da ka ji kada ya kai majalisa ko bakin rijiya. Amma in mutum ya fara cewa ya gaji da rai, wannan ba asirin ɓoyewa ba ne. Kada ka bar shi shi kaɗai a daren nan. Ka nemi wani babba da ya yarda da shi, ku raka shi asibiti.