LACCA: Majami'ar farko ita ce tsakar gida



Tambayar da ke gaban wannan zama ita ce: mene ne ke sa gidan Kirista ya yi ta girma cikin hali da ruhaniya, maimakon ya kwanta bisa sunan da ya gada?

Sai an waiwayi baya kafin a amsa. A shekarar 1924 ne mishan ta SIM ta kafa sansaninta a Damagaram, daga nan ta isa Tsibiri, kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya a 1956. Waɗanda suka karɓi bishara a wancan zamani sun biya da tsada: wani dangi suka juya masa baya, wani aka hana shi mata. Da yawansu sun koyi karatun boko da girmansu domin su karanta Littafin da idonsu. Jikokinsu kuwa sun buɗe ido sun tarar da kome a shirye. Nan haɗarin yake, domin ana gadon gona da gida, amma kowane mutum da kansa yake noman halinsa.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba. Ke nan yaron Kirista yana kwana shida cikin mako tsakanin abokai Musulmi, a lakol da kasuwa, sau da yawa ma kawunsa da gwaggonsa Musulmi ne. Fasto yana ganinsa awa biyu ko uku ran Lahadi. Sauran lokacin duka yana hannun uwa da uba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Littafi Mai Tsarki kansa ya ba da misali. Timoti, almajirin manzo Bulus, ya tashi a gidan da uwa Bayahudiya ce mai bi, uba kuwa mutumin Girka. A wasiƙarsa ta biyu gare shi, Bulus ya danganta bangaskiyar saurayin ga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Mata biyu a cikin gida su suka yi aikin. Abin lura ne ga Zumuntar Mata, kuma abin kunya ga magidancin da ya bar wa matarsa addu'ar dare, shi yana hira a bakin titi.

Da me ake auna wannan girma? Wasiƙar Galatiyawa, sura 5, ta lissafta halaye tara, cikinsu har da haƙuri, aminci da kamun kai. Babu ɗaya daga ciki da ake gwadawa da yawan waƙa. Ɗan kasuwa ana auna shi da tiyar da yake awon hatsi, ko ta saye ita ce ta sayarwa. Ma'aikaci ana auna shi da takardar talaka da ke bisa teburinsa a biro, ko za ta fita ba tare da goro ba. Yaro yana kallon duk wannan, kuma abin da ya gani ya fi abin da ya ji zama cikin zuciyarsa.

Jarrabawa ta zo sau da yawa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, a lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi na watanni. Gidan da ya saba faɗa wa juna gaskiya game da abin da ke cikin aljihu ya jure. Wanda miji ke ɓoye wa mata samunsa ya girgiza. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015 kuma aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka. Ran Lahadin da ta biyo baya, masu bi da yawa ba su da ginin da za su taru. Wanda ya saba buɗe Littafi a gidansa bai rasa wurin sujada ba. Shugabannin ikilisiya sun yi kira ga gafara, kuma an san maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu. Irin wannan maƙwabtaka shekaru ake yi ana gina ta, da zuwa suna, da gaisuwar mutuwa, da barka da salla.

Saboda haka, abu uku ne laccar nan take roƙo. Na ɗaya, iyali su keɓe ko da minti 15 kowane dare, a karanta aya, a bar yara su yi tambaya ba tare da tsawa ba. Na biyu, miji da mata su zauna tare bisa lissafin kuɗin gida a ƙarshen wata. Na uku, wanda ya fi wuya: uba ya koyi neman gafara a gaban ƴaƴansa in ya yi kuskure, domin yaron da bai taɓa ganin babba ya tuba ba, da wuya ya san yadda ake yi.

Sannu sannu ba ta hana zuwa. Allah ya zaunar da gidajenmu da ƙasarmu lafiya.