Jawabin Magatakardan Liman A Kan Ƙululun Gindin Kunne

Iyayenmu malamai, alhazai, da 'yan'uwa 'yan kasuwa, Liman ne ya umurce ni in yi muku bayani a kan wani ciwo mai yaudara.

Ku sani Allah ya yi wa ɗan Adam manyan matsattsarar miyau guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya gaban kunne, ɗaya ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya ƙarƙashin harshe. Akwai kuma ƙanana masu yawa a leɓe da ganɗa. Wani lokaci ƙululu ya kan fito a ɗayansu. Ba hangum na ke nufi ba, gama shi hangum da zazzaɓi ya ke zuwa, ya wuce cikin mako biyu. Wannan kuwa sai ya zauna shekara da shekaru, ba zafi, yana ƙaruwa kaɗan kaɗan.

Na gaban kunne, kamar takwas cikin goma ƙari ne kawai, ba sankara ba. Amma na ƙarƙashin harshe galibinsu sankara ne. To, ga inda wahalar ta ke. Akwai irin sankarar da ta ke tafiya a hankali, ba ciwo, kamar ƙari mara lahani, har likita ma ba ya iya rabe su da hannu. Sai ya ɗauki hoto, ya tsira siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke ciki, a duba da madubin likita. Wani sa'i ko allurar ba ta warware magana, sai an fid da ƙululun duka an bincika. Akwai ma wata irinta da sai a 2010 likitoci suka gane ta dabam ce. Shi kansa ƙarin mara lahani, in ya daɗe ƙwarai, ya kan rikiɗe.

Saboda haka kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho, ko da ya ke muna girmama sana'arsu. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin matsattsarar gaban kunne ta ratsa, in aska ta taɓa ta sai baki ya karkace. Wanda ya ga ƙululunsa ya taurare, ko ya soma girma da sauri, ko gefen fuskarsa ya saki, lalle kada ya jira kasuwa ta tashi. Mu na Kumasi ga asibitin Komfo Anokye kusa, na Ankara kuwa su nufi Korle Bu. Wanda ba shi da mai rakiya ya same ni bayan Azahar.

Wassalam.