'Ya'yanmu da Sana'ar Dandamali da Gidajen Rediyo da Talabijin



An nemi mu yi magana a kan sana'o'in da ya kamata matasanmu su fuskanta. Mun san ana jiran mu ambaci likitanci da injiniyanci. Waɗannan suna da masu yi musu kirari da yawa, saboda haka muka zaɓi wadda ba ta da mai kare ta a wannan zaure, wato shirya wasan kwaikwayo da shirye-shiryen al'adu a rediyo da talabijin.

Bari mu fara da laifinmu. Lokacin da muke shugabancin firamare, mun taɓa yi wa wani yaro bulala don ya tara 'yan ajinsu a gindin darbejiya yana kwaikwayon tafiyar malamin lissafi. Abin da ba mu lura da shi ba a ranar shi ne, yaron nan ya raba wa kowa rawar da zai taka, ya samo allo da sanda, har ya sa wani gadin ƙofa. Aikin mai ba da umarni ke nan cif. Mun kashe masa gwiwa, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Alhali kuwa sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa tun 1949. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da jama'a suka saurare su a rediyo kafin a buga su, mu kuma muka karance su a kwalejin horon malamai. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Wane ne a cikin sa'o'inmu bai bar tuwonsa ya huce ba saboda Samanja? Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, soja ne da ya ɗauko rayuwar bariki ya shimfiɗa ta a gabanmu. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya kai sunan Arewa har gidajen Kudu ta shirin Cock Crow at Dawn. Mun yi dariya, mun ƙaru, amma da ɗan ɗayanmu ya ce zai bi sahunsu, da mun ce ya lalace.

Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar cewa ɗan wasan da muke gani shi ne sana'ar duka. Shi fa fuska ce kawai. A bayansa akwai marubuci, da mai shirya shiri wanda ke neman kuɗi yana lissafin kowace kwabo, da mai ba da umarni. Akwai mai ɗaukar hoto, da mai ɗaukar sauti wanda in ya yi sake kukan janareto ya ɓata aikin yini guda. Akwai mai haska fitilu, da kafintan da ke gina dandamali, da telan da ya san bambancin rawanin Hakimi da na malami, da mai tace hotuna a kwamfuta wanda zai kwana yana haɗa shirin rabin awa. Yawancinsu ba a taɓa ganin fuskarsu, kuma kowannensu da aikin nan yake ciyar da iyali.

Ilimin ma akwai inda ake samunsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wasan kwaikwayo tun shekarun 1970, a wani dandali da aka gina da jar ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa. A Jos akwai kwalejin talabijin ta NTA da kuma cibiyar koyar da aikin fim. Abin da iyaye za su kula da shi tun yaro yana sakandare shi ne Turanci da adabi, domin galibin jami'o'i ba sa ɗaukar ɗalibi a wannan fanni sai da su. Hausarsa ma ta zauna daram.

Wurin aiki kuwa ya faɗaɗa. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tashoshi, aka samu irin su Freedom Radio a Kano a 2003 da Arewa24 a 2014, ga kuma masana'antar fim ta Kano wadda ta faro da Turmin Danya a 1990. Ba za mu ɓoye muku ba: albashin farko ba shi da kauri, da yawa aikin kwantiragi ne, kuma damuwar iyaye game da tarbiyya, musamman ta 'ya'ya mata masu aikin dare, ba shirme ba ce. Sai dai mun lura wanda ya shiga da takarda da sanin iyayensa ya fi wanda ya gudu ya shiga a ɓoye kama kansa.

Akwai kuma abin da ya fi damunmu. Makaɗan fadarmu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka san tarihin kafuwar garin nan haka, ba wanda ya naɗi muryarsu. Baƙo ba zai zo ya yi mana wannan ba.

Saboda haka muna roƙon kwamitin ilimi ya gyara ƙa'idar tallafin karatu, wadda a yanzu ta tsaya ga kimiyya da shari'a, a ware gurbi biyu kowace shekara ga masu karatun wasan kwaikwayo da aikin watsa shirye-shirye, bisa sharaɗin kowannensu ya naɗo mana hira da dattijo ɗaya a hutun ƙarshen zango. Muna kuma roƙon a buɗe wa ɗaliban sakandare wannan zaure ranar Asabar, maimakon a bar shi a kulle sai biki. Mun miƙa wa sakatare wannan buƙata a rubuce, muna fatan za a saka ta cikin ajandar zaman gobe.