Jinyar Kwamfutar Gida Bayan Ta Kamu da Bairos: Misali daga Boɗinga da Shagari



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abin da ya kamata mai kwamfuta ya yi bayan na'urarsa ta kamu da ƙwayar cutar nan da a ke kira bairos. An ɗauki Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke bakin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega, domin halinsu shi ne halin yawancin hedkwatocin ƙananan hukumomi. Akwai malamin makaranta da akawu da ɗalibi masu kwamfutar hannu a gida, amma ƙwararren mai gyara galibi sai an shiga birni. Wanda ya biya kuɗin mota ya je Sakkwato kuwa so ya ke a sallame shi kafin la'asar, mai gyara kuma magani ɗaya gare shi mai sauri, watau fomat, shafe komai a zuba sabon Windows. Sau da yawa a nan ne a ke yin asarar, ba a hannun bairos ba. Kundin digiri na shekara guda, ko jerin sakamakon jarrabawar aji, ya kan tsira daga cutar, sa'an nan magani ya kashe shi.

Sanin hanyar da cuta ta shigo shi ne rabin jinya. Bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta ƙasar Pakistan cikin 1986, kuma a kan faifan da a ke miƙawa hannu da hannu ya yi tafiya. Faifan ya shuɗe, filashi ya gaje shi. A garin da ba kowa ke da na'urar buga takarda ba, filashi ɗaya ya kan shiga kwamfutar shagon buga takardu da safe, ta ofis da rana, ta gida da dare. Conficker, wanda ya ɓulla cikin Nuwamba 2008, ya ci moriyar wannan hanya, domin a lokacin Windows ya kan buɗe abin da ke cikin filashi da kansa da zarar an soka shi. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan ƙofa a Windows 7 cikin 2009, ya kuma toshe ta a tsofaffin cikin 2011. Sai masu ƙera bairos suka koma ga wata dabara: tun da na'ura ta daina buɗe musu ƙofa, to, bari mai ita ya buɗe da hannunsa.

Wannan dabara ita ce ta haifi cutar da kowane ɗalibi ya sani, wadda ke mayar da fayiloli su zama shotkot, watau 'yan alamomi masu ƙaramar kibiya a gindi. Bairos ɗin ba ya goge komai. Ya kan ɓoye folda ta ainihi, ya ajiye alama mai sunanta a gurbinta, wanda ya latsa alamar kuwa ya tayar da cutar ke nan. Gwajin mai sauƙi ne. A duba yawan wurin da aka cinye a filashin. In har ya nuna akwai kaya alhali ido bai ga kome ba, to, kayan suna nan, lulluɓe su aka yi.

Amma akwai tsari, kuma saɓa shi shi ke sa cutar ta yi ta dawowa. Da fari a raba kwamfutar da intanet, a daina soka mata filashin kowa. Sa'an nan a kashe bairos ɗin da ke cikinta, domin muddin yana da rai, duk abin da aka tone zai sake binnewa. Windows 10 da 11 suna ɗauke da Microsoft Defender, a cikinsa kuma akwai binciken da a ke kira Offline scan, wanda ke kashe na'urar ya bincike ta tun Windows bai farka ba, lokacin da cutar ba ta da ikon kare kanta. Bayan wannan ne a ke buɗe Command Prompt a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin filashin E ne. Wannan umurni yana cire alamun ɓoyewa daga kowane fayil da kowace folda. Wani lokaci a kan tarar da kayan duka a tattare cikin wata folda marar suna. A kwashe su, a goge shotkot ɗin ba tare da an latsa ko ɗaya ba.

Mutuwar bairos ba ita ce warkewar kwamfuta ba, kamar yadda zazzaɓi kan tafi ya bar kasala. Alal misali, na'ura ta kan riƙa nuna saƙo duk lokacin da aka kunna ta, cewa ba ta ga wani fayil ba. Mutane su kan tsorata, alhali kuwa albishir ne: an kashe cutar, sunanta kawai ya rage a jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, sai a cire shi ta Task Manager. Haka nan intanet ya kan ƙi aiki saboda bairos ya karkatar da hanyar zuwa wani furoksi, ko ya dasa ƙari a cikin Chrome mai jefo tallace-tallace. A kashe furoksin, a mayar da Chrome saitinsa na asali. In kuwa sassan Windows ne suka ji rauni, umurnin sfc /scannow yana duba su ya maye gurbin waɗanda suka lalace.

Har ila yau, ba kowace laulayi ce bairos ba. A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu ya kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar na'ura. Kwamfutar da a ke ɗorawa a kan katifa, ta yi nauyi ko ta mutu farat ɗaya, iska ta ke nema. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye aiki tana lalata fayil. Ƙaramin batirin agogo na ciki, in ya ƙare, kwanan wata ya kan koma baya, sai shafukan intanet su ƙi buɗewa suna gargaɗin rashin tsaro. Wanda ya zuba magungunan bairos biyu don neman ƙarin kariya kuwa, ya haɗa zakaru biyu a akurki ɗaya, kuma na'urarsa ce za ta sha wuyar faɗan.

Akwai cutar da attrib ba ya yi wa kome, ita ce mai garkuwa da fayiloli. Duniya ta san WannaCry, wanda ranar 12 ga Mayu 2017 ya faɗa wa ƙasashe wajen 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ko da ya ke Microsoft ya fitar da rigakafinsa tun watan Maris. Amma wanda ya fi kusa da mai kwamfutar gida shi ne STOP/Djvu, da ya yaɗu tun 2018 ta cikin manhajojin sata, irin waɗanda a ke zuba wa mutum kyauta don kada ya sayi lasisi. Yana ƙulle fayiloli, ya ƙara wa sunayensu wasu haruffa a ƙarshe, ya bar takardar neman fansa mai suna _readme.txt, wadda ta daɗe tana neman dala 980. Biya ba ya tabbatar da samun mabuɗi. Abin yi shi ne a adana fayilolin yadda su ke, a nemi shafin No More Ransom, wanda hukumar Europol da 'yan sandan Holan da kamfanonin tsaro suka kafa cikin 2016, inda a ke ba da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta. Wasu kam ba su buɗuwa, kuma mai gyaran da ya yi alkawarin buɗe kowane iri, a yi hattara da shi.

A nan ne mutumin Boɗinga ya ke da abin tunawa a ƙofar gida. Shehu Usmanu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Abdullahi kuma a Boɗinga, suna karantarwa suna wallafa. Abin da ya kawo littattafansu zuwa yau, duk da gara da gobara da ruwan sama, shi ne almajirai sun yi ta kwafa, kwafin ya watsu gari gari. Ɗalibin da kundinsa ke wuri ɗaya tak ya bar wannan al'ada. Kwafi a kwamfuta, kwafi a faifan waje da ba a barinsa a soke, kwafi a imel ko Google Drive, sun wadatar.

To, yaushe fomat ya halatta? In an yi bincike cutar ta ci gaba da dawowa, ko ta kasance irin mai satar kalmomin sirri, lalle shafewa ta fi aminci. Sharaɗi shi ne mai na'ura ya ga takardunsa da hotunansa da idonsa a wani faifai kafin a taɓa kome, kuma takardu kaɗai za a kwashe, ban da manhajoji. Wanda aka riga aka yi masa fomat ya daina aiki da na'urar nan take, domin manhaja irin PhotoRec ta kan tono abin da ba a rubuta wani abu a kansa ba, ko da ya ke a sabon faifai irin SSD fatan kaɗan ne. Sai kuma a lura da abin da za a zuba. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro ranar 14 ga Janairu 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

Saura abu biyu da a ke mantawa ranar da aka dawo daga birni. Kalmomin sirri na imel da banki da shafin makaranta, duk wanda aka taɓa rubutawa a na'urar lokacin tana ciwo, a canza shi daga wata na'ura mai lafiya. Filashin da ke aljihu kuma, da na ɗakin yara, da wanda maƙwabci ya ara, kowanne a bincike shi da Defender kafin a buɗe ko folda ɗaya a cikinsa.