Ciwon maƙogwaron yaro na iya lalata ƙofar zuciya

Ni ne tafinta a ofishin kariya. Ni ba likita ba ne, saƙon ma'aikatan lafiya na kawo muku.

A cikin zuciya akwai ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa, don jini ya bi hanya ɗaya kada ya koma baya. Akwai wani ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15, kuma yana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, kamar tantunanmu. In ba a yi magani ba, bayan mako 2 ko 3 gaɓoɓi kan yi ciwo su kumbura, ciwon ya taɓa ƙofofin nan. Ɓarnar takan ɓuya shekaru, sai yarinya ta girma ta ɗauki ciki sannan ta bayyana.

Don haka kada a kai yaro wurin wanzami a yanke masa beli. A kawo shi asibitin sansani. In an ba shi maganin kwana 10, ya shanye duka ko da ya ji sauƙi.

Wanda ake yi wa allurar fenisilin duk bayan mako 3 ko 4 kafin gudun hijira, ya zo ya faɗa, ko da katinsa ya ɓace a hanya. Allurar nan ce ke hana ƙofar ƙara lalacewa. Mai ciki da aka taɓa ce mata tana da ciwon zuciya, ta gaya wa ungozoma tun awon farko.

Ga abin da ba ya jiran gari ya waye. Wani lokaci zuciya kan kasa tura jini: numfashi ya yi wuya, hannu da ƙafa su yi sanyi, gumi ya keto, fitsari ya ragu, mutum ya rikice. Kada a kwantar da shi rigingine, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. A jingina shi a zaune, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Yana bukatar ɗakin kulawa ta musamman a babban asibiti, inda akwai iskar oksijin da maganin ɗaga bugun zuciya. Jinkiri kaɗan na iya cin rai.

In an tura ku asibitin gari, ku riƙe takardar rajista da ta asibiti. Mai matsalar takardu ya same mu a ofis, maganarsa sirri ce. Allah ya ba mu lafiya, ya mai da mu gida lafiya.